Askin Gunya

Litinin, 5 ga Mayu 1958, Isa, bayan la'asar

Motar ma'aikatar dabbobi ta iso da azahar. Jibrilla direba ya sauko yana zagin hanya tun daga Sakkwato har ƙofar gidana. Ya kawo akwati biyu da takarda. Babban akwatin injin wuta ne mai shan fetur, ƙaramin kuma injin askin dawaki, da doguwar waya da ke haɗa su. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, a makarantar aikin dabbobi, a hannun malami, daga nesa. Yau ga shi a kan tabarmata, ni Kalilu, malamin dabbobi na Isa da Sabon Birni, an ce yana hannuna har ƙarshen wata.

Takardar daga Baturen dabbobi ce, wanda muke kira Mai Lofe. Ƙazwa ta shiga dawakin ƙasar nan, wannan kowa ya sani, kuma tana warkewa in an aske gashi an wanke fata da maganin farar wuta. Abin da yake tsoro shi ne ɗaya ciwon, mai fitar da gyambo a jere, wanda ba ya jin magani. Ran Juma'a talatin ga wata zai zo filin Sabon Birni ya duba kowane doki da idonsa. Wanda aka aske kuma fatarsa ba gyambo ya koma gida. Wanda aka ga gyambo a jikinsa, harbi. Wanda ba a aske ba, za a ɗauka ɓoye ciwo ake yi, shi ma harbi. Dawaki sittin da huɗu ne a rubuce. Da almakashi doki ɗaya wuni guda ne, shi ya sa aka aiko da inji.

Gwangwanin man injin ya fashe a hanya, ya jiƙe takardar da ke bayanin yadda ake aiki da shi, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Jibrilla ya ce mai dai mai ne, kuma ba gidan da ba man gyaɗa. Na yarda.

Habi matata ta yi ta leƙen akwatin tana dariya. Labarin injin ya riga motar isowa, don tun shekaranjiya mahaifinta, Baba Yero, ya aiko daga Gangara wai goɗiyarsa Gunya za a fara askewa, mutane su ga bai ji tsoron aikin surukinsa ba. Shekara uku ina auren 'yarsa, ban taɓa jin ya ce na iya wani abu ba. Na ji daɗi ƙwarai. Gobe da sassafe za mu tafi, har da Habi.

Talata, 6 ga Mayu, almuru

An fara. An tsaya. Ba ni da abin rubutawa yau.

Laraba, 7 ga Mayu, hantsi

Habi ta zauna Gangara. Ta ce innarta na bukatar hannu. Innar nan kuwa jiya na gan ta tana daka, taɓarya har tana tashi sama.

Na rubuta wa Mai Lofe rahoto, layi biyu: an gwada inji, yana aiki. In an bi kalma kalma ba ƙarya a ciki. Na wanke hannuna sau uku da sabulu, har yanzu ina jin ƙaurin.

Alhamis, 8 ga Mayu, Tsamaye, azahar

Mun kafa injin wuta a gindin tsamiya tun da safe, mun zauna. Doki goma sha ɗaya ke garin nan a takarda. Wanda na gani da idona, jaki biyu. Turaku duk suna nan, ga kashin doki ɗanye, ga sawu ya miƙe arewa wajen ƙasar Faransa.

Wakili, wanda ke riƙe da garin in mai gari ba ya nan, ya zo ya gaishe mu. Na tambaye shi ina dawaki.

Ya ce, "Sun tahi kiwo, Malam."

Na ce, "Cikin bazarag ga? Mi za su ci, rairai?"

Ya yi ta wasa da bakin rigarsa. Can ya ce, "Malam Kalilu, mu bar ɓoye-ɓoye. Mun jiya abin da anka yi ma goɗiyar Yero. An ce hatta hwata ta biyo ƙarhen. In injin ga bai ji kunyar surukinka ba, namu za shi ji?"

Na ce masa sunayensu na rubuce, wanda ya ƙetare da doki ba ya da ranar dawowa da shi, wanda ya dawo ba aski kuma ya san hukuncin. Ya ce sun sani. Ya ce gara bindiga, ita sau guda ce. Na yi fushi, na faɗa masa maganar da ba ta dace da mai furfura ba. Da muka hau mota Jibrilla bai ce uffan ba har Isa, shi da ko raƙumi ya gitta sai ya yi masa huɗuba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan masallaci

Na aro kirgi mai gashi wajen majemi, na shimfiɗa a tsakar gida, na ajiye agogo a gefe. Minti huɗu injin ya yi yana aiki, haƙoran suka kai inda ba a iya ɗora musu yatsa. Na kashe, na kwance noti, na raba haƙoran sama da na ƙasa.

Abin da ke ciki baƙin danƙo ne. Man gyaɗa ya dahu ya kama, ga gashi, ga rairayi da ke ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu. Ga kuma warin man shanu. Sai na tuna yadda Gunya ta fito ran Talata tana sheƙi. Baba ya sa an shafe ta da man shanu tun daga wuya har gindin wutsiya, don ta fito da kyau gaban jama'a. Haka kowane mai doki ke yi a nan in ma'aikacin gwamnati zai duba dabbarsa, ubana ma haka ya yi ta yi. Ta yi birgima kafin mu iso, rairayi ya manne a man, injin ya yi ta niƙa shi.

Na so in ce laifin man shanu ne. Na yi kusan awa guda ina son haka.

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Na je aski wajen Maliki wanzami, don ya fi kowa jin labarin gari. Ashe ni ne labarin.

Ina durƙusawa ya ce, "Marhaba da sabon wanzami, wanda yaf fara koyo bisa dukiyar surukai."

Na ce ya yi aikinsa. Ya jiƙa mini kai, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake jiƙawa. Ya ce, "Shekara nawa kana zuwa nan? Ka taɓa ganin na ɗora aska bisa busasshen kai mai dauɗa? Ko kan sarki na, sai an wanke. Aska nawa gare ka?"

Na ce haƙora jeri biyu suka zo a akwatin, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiya.

"Ajiyar mi? Ranar sallah?" Ya buɗe zabirarsa ya nuna mini. "Huɗu gare ni. Guda na aiki, ukku na hutawa. Kuma ko ruwan ɗumi ba ni zuba ma mutum sai na taɓa shi ga kuncina. Tahin hannu maƙaryaci na, ya saba da wahala. Hwatar doki, balle gunya mai hwarar hwata, awa kuncinka take."

Na ce yaushe wanzami ya zama injiniya. Ya ce tun ranar da malamin dabbobi ya zama mai gasa nama. Mutanen da ke jiran aski suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba yadda za ni yi da aska a wuyana. Amma na fito da abu uku a kaina, ko da yake ba gashi.

Lahadi, 11 ga Mayu, la'asar

Ba saƙo daga Gangara.

Litinin, 12 ga Mayu, azahar

Ba mai sayar da man inji a Isa sai Lamidi tela, Bayaraben da ke bakin kasuwa. Shi da kowane Bagobiri sai tsiya, ni kuma zanen fuskata ba ya ɓoyuwa.

Ya ce, "Bagobiri da inji? Wa ya ba ku? Ku da kuka saba da mashi."

Na ce mun ba su aron keke ne su yi ta ɗinka mana riguna. Ya zuba mini man keken ɗinki a kwalba, fari, ruwa-ruwa, ba ya kama yatsa. Da na gaya masa abin da na sa a da, ya dafe kai ya ce ko kekensa aka zuba wa man gyaɗa sai dai ya soya ƙosai. Ya ce a wanke haƙoran da kananzir, a ɗiga mai kaɗan amma a kai a kai.

Ya karɓi injin ya jujjuya, ya kama notin da ke matse haƙoran, ya murɗa, ya ƙi. Ya sa tsumma ya murɗa da hannu biyu, da ƙyar ya motsa. Ya dube ni ya ce, "Wane ƙato ne ya ɗaure wannan?"

Ni ne. Ubana dillalin dawaki ne, tun ina yaro abin da ya koya mini shi ne majayin sirdi a ja shi tam, linzami tam, igiyar turke tam, abin da ya yi sako-sako shi ke kashe mutum. Da na ga noti sai na ɗaure shi iyakar ƙarfina, har ina jin daɗin na yi aiki mai kyau. Lamidi ya nuna mini a kekensa yadda zare ke tsinkewa in an matse, ya cukurkuɗe in an saki. Ya ce ƙarfe biyu da ke gugar juna, in ka danne su ba abin da za su haifa sai wuta. A saki har ya daina yanka, sannan a riƙa matsawa kaɗan kaɗan, inda ya fara yanka da kyau a tsaya nan.

Na tashi za ni tafi ya ce in gaida Gobir, in ce musu har yanzu Yarbawa ke koya musu zaman duniya. Yau ya ci.

Talata, 13 ga Mayu, hantsi

Na gwada a kan Bidi, dokin rangadina, shi ma ƙazwar ta taɓa masa wuya. Jiya da yamma na wanke shi da sabulu. Ina sakinsa ya nufi rairayi zai kwanta, da ƙyar na riƙe kansa sama har ya bushe, na ɗaure shi a kan dandaɓe.

Minti goma haƙoran suka yi, na taɓa a kuncina, ɗumi kawai. Na canja jeri duk da haka. Wanda ya huta na ɗora shi a kan murfin randa a inuwa, ban tsoma a ruwa ba don tsatsa. Amma jikin injin, inda ake riƙewa, ya ci gaba da zafi. Jibrilla ya karɓa ya duba gindinsa, ya ga 'yan ramukan da iska ke shiga duk gashi ya toshe su. Ya ce ko motarsa aka toshe wa hanci haka za ta tafasa. Ya fizgi gashin kazar maƙwabta ya share su tas.

Awa ɗaya da kwata na gama Bidi. Bai ko ɗaga ƙafa ba. Na zauna a ƙasa ina kallonsa, ya yi muni ƙwarai, ni kuwa ban taɓa ganin doki mai kyau irinsa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, Sabon Birni, bayan azahar

Na kai Bidi tsakiyar gari na ɗaure, kowa ya zo ya shafa. Na kunna inji, na bar shi yana aiki, na riƙa ɗora haƙoran a kuncina gaban jama'a. Wani tsoho ya ce kuncin ma'aikaci ba shaida ba ne, gwamnati ta biya shi. Na miƙa masa, ya ɗora a nasa, ya tafi. Can sai ga shi da wani akawal, baƙin doki, duk ƙazwa ta cinye masa gindin geza, an shafe shi da man shanu yana ƙyalli.

Na ce a kai shi gulbi a wanke, gobe a kawo. Tsohon ya ji haushi, wai ya yi wa dokinsa ado na ce dauɗa ce. Na rarrashe shi. Na koyi rarrashi a kwanakin nan.

Asabar, 17 ga Mayu, azahar

Jiya ɗaya, yau biyar. Muna farawa da an sallame asuba, mu tsaya in rana ta take, don da zafin rana ko an yi komai daidai ƙarfe ba ya hucewa. A wanke, a riƙe kai, a bushe. A ɗiga mai, a share hanci, a taɓa a kunci, a canja. Jibrilla ya mai da shi waƙa, yana yi yana zuba fetur.

Wata mai tallar nono daga Gangara ta kawo saƙon Habi. Wai gero na cikin tukunyar baya, kada in bari gara ta shiga. Game da Gunya ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin, 19 ga Mayu, Tsamaye, la'asar

Dawakin Tsamaye sun dawo daga kiwo. Haka Wakili ya ce, ni ma haka na karɓa. Na ba shi haƙuri kan maganar ran nan, ya ce wace magana. Mun yi bakwai.

Takarda ta zo daga Mai Lofe, yana tambaya ko na ga gyambo a jikin wani doki. Na rubuta: a cikin waɗanda na gama askewa, babu.

Laraba, 21 ga Mayu, Gangara, almuru

Ban iya ƙara jinkiri ba. Saura kwana tara, kuma Gunya rabin aski gare ta.

Na tuɓe takalma tun daga bakin zaure, na durƙusa nesa da shimfiɗar Baba. Na gaishe shi, ya amsa, na sake gaishe shi, ya amsa. Ban ɗaga kai ba. Na ce na zo ne in ƙarasa aikin, in ya yarda.

Ya ce, "An ce yanzu kana taɓa shi ga kunci."

Na ce haka ne, Baba.

"Kuncinka naka na. Kunna shi."

Jibrilla ya tada injin wuta a waje ya miƙo waya. Sai Baba ya kai hannu ya kwance rawaninsa, ya cire hula, ya ajiye a kan gwiwa. Tunda nake ban taɓa ganin kansa ba, kuma ban taɓa zaton za ni gani ba. Furfura ce tas, ta yi kwana biyu ba aski. Maza uku da ke zauren suka sunkuyar da kai.

Ya ce, "Hwara da ni. In ya ƙone ni, ka ɗauki kayanka. In bai ƙone ni ba, ga ta can baya."

Na ce, "Baba, ina ni ina taɓa kanka."

Ya ce, "Ka taɓa abin da yaf fi shi."

Na ɗiga mai, na taɓa a kuncina, na ɗora. Injin doki ne, ya fi tafin hannuna faɗi, haka na bi kan tsohon nan a hankali, ina tsayawa ina taɓawa. Bai motsa ba. Da na gama ya shafa kansa tun daga goshi har ƙeya, ya mai da hula, ya ce Maliki ya fi ni iya gyaran gefe, ya tashi ya shige gaba.

Gunya na ganin waya ta fara ja da baya tana huci. Baba ya riƙe kanta yana yi mata magana da Fillanci, kamar yadda yake yi wa shanunsa. An riga an wanke ta, ba ko ɗigon man shanu, ashe labari ya iso. Awa biyu muka yi. Tana da ciki, wata bakwai in ji shi.

Wurin ƙunar yana kafaɗar hagu. Tsawon tafin hannu. Ya ɗuri ruwa ya fashe, ƙuda sun same shi, bakin haƙoran ya bar ƙananan miki a jere. Na daɗe ina kallonsa. Na san da abin da ya yi kama, kuma na san wanda zai dube shi ran Juma'a ta sama.

Habi ta kawo mini ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye. Ta rame kaɗan. Ta ce, "Ka rubuta ma Baturenka yadda anka yi?"

Na ce ana nan ana shiri.

Ta ɗauki ƙwaryar tun ban gama sha ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, hantsi

Talatin da takwas. Injin lafiya lau.

Lahadi, 25 ga Mayu, la'asar

Kullum da yamma ina hawa Bidi in je Gangara in wanke mikin in sa magani. Yana kamewa daga gefe, amma ba zai rufe kafin Juma'a ba, ko yaro ya gani ya sani.

Jibrilla ya ce shawara biyu ce. Ko a ƙetare da ita arewa, ko in yi shiru, wataƙila Bature ya wuce bai lura ba. Ya ce in na buɗe baki, rahoto biyu na ƙarya ke gabana, kuma ya ga an kori mutum kan abin da bai kai wannan ba. Ya ce, "Kai ɗai ka yi boko gidanku. Goɗiya ko ana sayen wata."

Na kai wa Baba maganar ƙetarewa. Ya ce goɗiya mai ciki ba ta tafiyar kwana biyu a wannan rana, kuma shi bai yi laifin da zai gudu ba. Bai ce wane ne ya yi ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.

Hadari ya taso gabas ya watse. Manoma sun fara gyaran kalme.

Talata, 27 ga Mayu, azahar

Na fara takarda zuwa ga Mai Lofe sau uku. Gara ba ta shiga geron ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Sittin da huɗu cif. Ba wanda ya ƙone, ban da ta farko. Na wanke haƙoran da kananzir, na shafa mai, na saki notin gaba ɗaya, na rufe akwati. Maliki ya ce in aka kore ni yana neman mai riƙe masa zabira.

Juma'a, 30 ga Mayu, Sabon Birni, almuru

An jera su tun hantsi, layi huɗu, duk a aske. Mai Lofe ya iso da ɗan sanda ɗaya mai bindiga. Ya bi su ɗaya ɗaya, yana shafa wuya, yana ɗaga ƙafa, yana leƙa ciki. Ƙazwa duk ta bushe, wasu har sabon gashi ya fara tsirowa. Ya juyo ya ce mini aiki ya yi kyau. Sau biyu ya faɗa.

Gunya ce ta tara a layi na uku. Ya tsaya. Ya cire lofen daga bakinsa, ya sunkuya, ya daɗe. Ya ɗaga yatsa, ɗan sandan ya zo ya kama igiyar zai fitar da ita gefe. Baba bai saki ba, bai kuma ja ba. Ni bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Na ce da Turanci, ranka ya daɗe, wannan ba ciwon ba ne, ƙuna ce, ni na yi ta da injin ran shida ga wata. Sai na ga ba wanda ya ji sai shi, na juya na sake faɗa da Hausa, da ƙarfi, har na layin baya suka ji.

Ya ce rahotona bai faɗi haka ba. Na ce bai faɗa ba. Ya sa aka kawo akwatin, ya ɗauki haƙoran ya gwada a gefen mikin. Faɗin ɗaya, jerin ɗaya. Ya matsa wuyanta da hammatarta yana neman kumburi, bai samu ba. Ya yi wa ɗan sandan alama ya saki igiyar.

Ya sa Jibrilla ya tambayi Baba me ya hana shi kai ƙara tun ranar. Baba ya ce, "Gaya mai, ɗana na yay yi. Ina za ni kai shi?"

Mai Lofe ya kira ni bayan mota. Ya yi magana mai tsawo, ba daɗi, kuma duk gaskiya ce. Ƙarin girman da nake jira bana babu shi, kuma takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina ta zauna. Da ya gama ya tambayi yadda na yi sittin da uku ba ƙuna, ba takardar bayani. Na gaya masa, har da wanzami da tela da gashin kaza. Ya ce in rubuta da Hausa, za a manna a cikin murfin akwatin kafin a kai shi wata ƙasa.

Ba a harbi ko ɗaya ba.

Asabar, 31 ga Mayu, Isa, hantsi

Habi ta iso da safe. Tana tsakar gida tana faɗa, wai na wanke ƙarfe da kananzir a kwanon miyarta.

Na gama takardar murfin akwati. Wanki, mai, noti, hanci, kunci, canji, inuwa. Guda bakwai. Akwai na takwas da ban sa ba, don ba na injin ba ne, za ni rubuta shi nan.

Ran Talata shida ga wata, tun kafin Gunya ta zabura, na ji zafin a hannuna. Na ji shi sarai. Mutanen Gangara duka na kallo, Baba na tsaye ya harɗe hannu, Habi na leƙe ta kan danga, sai na ji kunyar in kashe inji a ce surukin bai iya ba. Na ce bari in kai ƙarshen kafaɗa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. In ta gama faɗan kwano za ni kira ta ɗaki in gaya mata.